Harsashi a Akwatin Mama

Takalmi na fara gani da na dawo daga makaranta ran nan. Baƙi ne, an goge shi har fitilar baranda tana fitowa a kansa, kuma an ajiye shi a tsakiyar ƙofar filat ɗinmu, ba a gefe ba inda muke jera namu. Duk mai shiga sai ya tsallake shi. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina tunanin in matsar da shi ko in bari. Daga baya na tsallaka.

Mai takalmin yayan Mama ne, uwa ɗaya uba ɗaya, muna kiransa Kawu. Ɗan sanda ne a gida, mai babban muƙami, ya kusa ritaya. Ya zo Dubai ne a duba masa ido. Baba ya nema masa biza, kuma a wurinmu ya sauka, a Bur Dubai, a filat mai ɗaki biyu da ke saman shagunan yadi. Ɗakina aka ba shi. Ni na koma doguwar kujerar falo, kayan makarantata kuwa suna can cikin ɗakin, kullum da safe sai na yi ta sallama kafin ya ce in shigo in ɗauka.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ta saman tabarau, ya juya wajen Mama.

"Auta, wannan ce bebiyar taku? Har yanzu ba ta fara magana ba?"

Mama ta yi dariya. Ita ce autarsu, shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya aurar da ita, don haka duk abin da ya faɗa dariya take yi ko ta ce haka ne, Yaya. Ni kuma a lokacin shekarata sha huɗu, kuma gaskiya ne ba na magana a gaban mutane. Ko a aji aka kira ni sai harshena ya yi nauyi. Abin da na iya shi ne kallo.

Maganar ido ba ta ɗauki lokaci ba. Likita ya ba shi maganin ɗigawa, ya sallame shi. Sauran kwanakin Kawu ya raba su biyu, rabi kasuwa, rabi surutu. Duk mutumin gida da ya zo Dubai, ko ba ɗan kasuwa ba ne, sai ya koma da samfur. Ban san wanda ya fara wannan ba, amma ban taɓa ganin baƙon da ya tsallake ba. Mutum zai shiga shago ya nemi a yanko masa ƙyallen labule, ko a ba shi ɓallin tayil, ko ɗan kwalbar turare, ya ce zai nuna a gida, in an so zai yi odar kwantena. Yawancinsu ba sa dawowa. Kawu ya fi kowa. A kan teburin karatuna ya jera nasa: murfin famfo, hannun ƙofa, ƙyallaye kala-kala, fitila mai caji, har da maɓallin riga. Littattafaina ya sauke su ƙasa.

Baba yana aiki a wani babban sito da ke Dubai Investments Park, yana fita da sassafe ya dawo a gajiye. Ranar Juma'a ce kawai falonmu ke cika, bayan an sauko daga masallaci. Masu zuwa kullum biyu ne. Akwai wani Alhaji mai ofishin kargo a Port Saeed, mai yawan cewa khalas, wato shi ke nan da Larabci, ko maganar ba ta ƙare ba. Akwai kuma Injiniya, maƙwabcinmu, Kirista ne daga kudancin Kaduna, yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki, shi yakan jira su a falo har su dawo daga salla don shinkafar Mama. Hirarsu ɗaya ce tun da na san su: hanyar gida. Kowa yana da ɗan'uwa ko abokin da aka tare a hanya. Alhaji an taɓa ɗauke ƙanin matarsa. Injiniya ya daɗe bai je garinsu ba. Tsoronsu na gaske ne, ban taɓa raina shi ba. Abin da na raina shi ne yadda Kawu ya zauna a kan tsoron nan ya miƙe ƙafa.

Juma'ar farko ya sanar da su cewa an sa shi a wani kwamiti da zai zaɓi harsashin da ya dace da ƙananan bindigogin 'yan sanda. Ya faɗi kalmar kwamiti a hankali, ya bar ta ta zauna. Nan take Alhaji ya gyara zama ya ce ai shi ma ya daɗe yana son ya mallaki fistol saboda in ya je gida, wane harsashi Yallaɓai zai ba shi shawara. Kawu ya ce in kawo dabino.

Na kawo. Mai kyau ne, wanda Mama ta saya don tsaraba. Ya ɗauki ɗaya ya cinye, ya ɗaga ƙwallon. Ya ce wannan shi ne harsashi mai rufaffen kai, dalma a ciki, tagulla ta rufe shi ruf. Shi wannan ba ya tsayawa. Ya shiga ɗan fashi ya fita ta bayansa ya je ya sami mai sayar da lemo a tsallaken titi. Sai ya ɗauki wani dabinon, ya zare ƙwallon, ya nuna musu ramin. Wannan kuma, in ji shi, shi ne mai rami a baki. Da ya shiga jiki sai bakin ya buɗe ya baje, ya tsaya inda aka aike shi. Ɗan sandan da ke aiki cikin kasuwa ko mai gida da 'ya'yansa ke barci a ɗaki na gaba, wannan ne nasa. Ya jefa dabinon a baki.

Maganar kanta ba ta da laifi, har ni na gane ta. Amma na ga inda ya samo ta. A daren da ya gabata da na kai masa shayi, wayarsa tana kan cinyarsa, ya ƙara girman rubutun saboda idon, ga hotuna biyu, harsashi rufaffe da harsashi buɗaɗɗe kamar furen kabewa. Yana bin layin da yatsa, leɓensa yana motsi. Haka ya yi ta yi har ya tafi. Abin da ya karanta da yamma shi zai faɗa washegari da muryar wanda ya gani da idonsa.

Daga nan falonmu ya koma makaranta. Ba Juma'a kaɗai ba, har tsakiyar mako suna zuwa. An yi darasin harsashi mai nauyi da mara nauyi, wanne ya fi tokarin hannu in an harba, wanne ya fi ratsa ƙofar mota. An yi na tsohon harsashi da ya sha damina a sito har albarushinsa ya yi sanyi. Alhaji ya zaɓi mai nauyi, ya ce shi ba ya son wasa, guda ɗaya khalas. Wannan Alhajin na san shi, ko ragon layya ba ya iya tsayawa a wurin yankansa, mota yake komawa. Baba ma ya zaɓa. Ya ce mai rami, matsakaici. Baban da in kyankyaso ya fito a banɗaki ni yake ƙwala wa kira, Mamana, zo da takalmi. Babu mai bindiga a cikinsu, babu mai lasisi, babu wanda ya san ƙofar da ake bi a nema. Amma sun yi musu har shayi ya huce a kan wanne za su loda.

Injiniya ne kawai ya taɓa yin tambayar da Kawu bai karanta ba tukuna. Ya ce ya ji ana cewa wata bindigar ba ta karɓar mai ramin, takan cije, shi ya sa sai mutum ya gwada harsashin a bindigarsa sosai kafin ya dogara da shi, ko haka ne? Kawu ya murza zoben azurfar da ke yatsansa, ya ce bindiga ta san mai ita.

"A hannun wanda ya iya, ba ta cijewa."

Suka gyaɗa kai. Na dubi hannun. Fari sol, mai taushi kamar biredi, zoben ya nutse a yatsan da ake jan kunama da shi har nama ya taso gefe da gefe. Na taɓa jin Mama tana gaya wa ƙawarta a waya cewa Yaya ya yi sa'a, tun yana ƙaramin hafsa a ofis yake, wajen rabon kaki da takalma, bai taɓa kwana a shingen hanya ba. Ta faɗa ne da godiya ga Allah. Shi kuwa a falo labarin artabu yake bayarwa, kuma kullum 'yan fashin suna ƙara yawa.

Alhaji ne ya kawo shawarar a je wurin koyon harbi. Akwai irinsu a bayan gari, mutum ya nuna katinsa, a ba shi bindiga da harsashi a ciki, ya harba a takarda, ya ajiye musu kayansu ya fito. Na lura Kawu bai yi murna ba. Ya ce idonsa, ya ce likita. Alhaji ya ce haba Yallaɓai, yalla, mu je kawai, ai ko a rufe idonka yake ka fi mu. Babu yadda zai yi. Baba ya ce in biyo su in ɗauke su hoto a waya.

Muna isa aka ce ba a ɗaukar hoto, aikina ya ƙare tun bai fara ba. Aka nuna mini kujera a bayan wani gilashi mai kauri, inda ake hango masu harbi ta baya. Da yake ba ni da abin yi, na karanta duk abin da ke bango. Akwai babban allo da Larabci da Turanci, har da zane saboda wanda bai iya ko ɗaya ba. Ba a fita da harsashi. Ba a fita da ko kwanson da aka riga aka harba. Wanda aka samu da shi a waje, hukuma ce tsakaninsa da shi. Wannan ba sabon labari ba ne a wurina. Duk yaron da ya yi makaranta a garin nan ya sani, ana faɗa mana kafin kowane hutu: kada ka karɓi kayan wani a filin jirgi, abin da aka samu a akwati na mai sunan da ke jikin akwatin ne. Mutanenmu ma suna da labarin wani da ya daɗe a tsare saboda kwanso ɗaya da ya maƙala a makullin motarsa don ado.

A kantar da ake ba da harsashi Kawu ya ɗaga murya ya nemi mai rami a baki. Aka ce masa iri ɗaya ake amfani da shi a nan, mai rufaffen kai. Ya juyo wajen mutanensa ya taɓe baki.

"Kun gani ko? Na 'yan koyo."

Aka sa musu tabarau da abin toshe kunne. Kawu ya ƙi cire hula, don haka abin ya hau saman hular ya danne ta, ta karkace gefe. Mai koyarwar wani dogon mutum ne mara yawan magana, yana tsaye a bayan kowannensu bi da bi. Ta gilashin ƙarar ba ta da yawa, kamar ana buga ƙofar maƙwabta. Dukkansu ba su iya ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Baba ya yi 'yan kaɗan ya ajiye, ya fito yana goge tafin hannu a rigarsa. Kawu nake kallo. Daga inda nake ina ganin gefen fuskarsa, kuma duk lokacin da zai ja kunamar sai ya rufe ido biyun gam, ya ja wuya cikin kafaɗa. Bindigar tana tsalle a hannunsa kamar kifi. Takardar da ke gabansa mai siffar mutum ce, kuma mutumin ya tsira lafiya, gefen takardar ne ya sha wuya.

Sai bindigar ta cije. Ya ja, shiru. Ya fara juyowa da ita a hannu, mai koyarwar ya yi wuf ya riƙe masa wuyan hannu ya mayar da bakinta gaba. Ya karɓa ya ja samanta baya, harsashi guda ya faɗo ƙasa, cikakke, ba a harba ba. Na ga ƙyallinsa yana gangarawa. Na ga baƙin takalmin ya matsa ya taka shi. Mai koyarwar ya gama duba bindigar, ya sunkuya yana nema, har ya haska ƙasa da 'yar fitila, ya leƙa gaban layin da ba a tsallakawa inda kwansuna suka taru. Kawu yana tsaye ƙyam, yana taya shi dubawa da ido. Da mutumin ya juya wajen Alhaji, Kawu ya durƙusa kamar mai gyara igiyar takalmi. Takalminsa ba shi da igiya. Ya tura abin cikin safa ya miƙe.

A mota ya ɗora laifin a kan harsashin, ya ce ai ya faɗa musu rufaffen kai ba shi da tabbas. Ya ɗora saura a kan maganin ido. Alhaji ya ce wallahi duk da haka tsayuwar Yallaɓai kawai ta isa ta nuna ƙwararre. Ni ina kujerar baya a matse tsakanin ƙofa da Injiniya, ina kallon idon sawun Kawu, inda safar ta ɗan tasa.

Na yi zaton zai jefar. Na ce a raina ko wawa ne, ai ya iya karatu, kuma allon da girmansa yake. Bayan kwana biyu na shiga ɗaukar kayan makaranta yana wanka. A cikin samfuransa akwai wani ƙaramin gwangwanin turaren wuta da ya saya, na san shi domin ni na riƙe ledar ranar. An yanke salatif ɗin murfinsa an mayar da wani, kuma sabon nawa ne, mai ɗigon shuɗi, daga aljihun teburina. Na ɗaga na girgiza kaɗan. Itacen turare ba ya irin wannan ƙarar. Na ɓare a hankali. Yana can ƙasa, an naɗe shi da tishu an binne cikin turaren. Ƙarami ne ƙwarai, bai kai rabin ɗan yatsana ba, tagullar tana sheƙi. Na mayar na liƙe yadda na same shi.

Ranar da yamma na ji shi yana gaya wa Alhaji a waya cewa zai kai wa kwamiti samfur, su ga yadda tagullar waje take, su daina karɓar tarkace. Wato dai irin da ya yi makonni yana zagi, na 'yan koyo, shi ya zama abin nunawa. A wurinsa bambancin harsashi da hannun ƙofa shi ne wannan ba a ba shi ba, ɗauka ya yi.

Duk da haka na ce ba ruwana. Akwatinsa ne, sunansa ne, muƙaminsa ne. Sai dai Mama ma za ta tafi. Ƙanwar Baba ta haihu, za ta je suna, kuma an haɗa musu jirgi ɗaya da Kawu don ta sami ɗan rakiya. Kuma mutanenmu ba sa tafiya sai an yi rabon kilo. Ana aro sikeli a wurin Alhaji, a jera akwatuna a falo, a ɗaga kowanne a gani. Wanda nasa ya haura sai ya zuba a na wanda bai cika ba. Babu wanda ke ƙi, kuma babu wanda ke tambayar me ke cikin ƙunshin, tambayar ma rashin kunya ce.

Akwatunan Kawu sun haura, ba mamaki, mutum ya kwashe rabin kasuwa a ɓalli-ɓalli.

"Auta, kina da sauran kilo?"

"Akwai, Yaya. Ga jan akwatin nan bai cika ba."

Ina zaune a ƙasa ina riƙe da sikelin. Na ga abin da ya miƙa mata. Ya ba ta takalma biyu da kwalin fitila, waɗannan suna da nauyi, na yarda. Sannan ya koma ɗaki ya fito da gwangwanin turaren, wanda ko tsinken sikelin ba zai motsa ba. Ɓallin tayil da murfin famfo suna nan a akwatinsa bai taɓa su ba. Da hannunsa ya tura gwangwanin cikin jan akwatin, can ƙasa tsakanin atamfofi, ya ja zane ya rufe. Bai dubi Mama ba yana yi.

Da ya manta ne, ko bai sani ba, da abin ya zo mini da sauƙi. Ya sani. Ya karanta allon kamar yadda na karanta. Ya zauna ya auna, ya ga cewa in na'urar duba kaya ta yi ƙara, gara ta yi a kan mace mai lulluɓi da ba ta san komai ba, da ta yi a kan babban ɗan sanda da ya kusa ritaya. Wannan ne zaɓi ɗaya da na ga ya yi da kansa ba tare da ya duba waya ba.

Na sami Mama a kicin tana soya nama don guzuri. Na daɗe a tsaye ina wanke kofin da ba shi da datti kafin maganar ta fito. Na gaya mata duka, tun daga safa har salatif. Ta rage wuta ta dube ni. Na ga tsoro ya gifta a fuskarta, sai ta haɗiye shi. Ta ce in rufe mata baki. Ta ce me ya kai ni buɗe kayan babba. Ta ce Yaya ɗan sanda ne, ya fi ni sanin doka, in an tambaya ai yana wurin, zai yi musu bayani, su da shi duk aiki ɗaya ne. Na so in ce mata a filin jirgin nan kakinsa da kayan makarantata darajarsu ɗaya, kuma na tabbata da an tsayar da ita zai ci gaba da tafiya yana duba agogo. Ban faɗa ba. Ta juya ga namanta, amma na ga ta bar shi ya ƙone ta gefe ɗaya, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na tare Baba a bakin lif da ya dawo daga aiki. Shi ya gane nan take. Ya jingina da bango ya yi ta salati, ya ce wannan ai ɗauri ne, ai bizarmu ce gaba ɗaya, ai aikinsa ne. Ya ce in kwantar da hankalina, Mamana, zai yi masa magana yanzun nan. Muka shiga. Kawu yana kishingiɗe yana sakace. Baba ya zauna a bakin kujera, ya yi gyaran murya, ya ce Yallaɓai. Kawu ya ce na'am. Baba ya ce an ce gobe za a yi zafi sosai. Suka yi maganar zafi. Daga nan Baba ya tashi ya shiga wanka, ya daɗe bai fito ba. Surukinsa ne, yayan matarsa, wanda ya ba shi aure. Na gane nauyin. Amma wannan mutumin ne ya zauna ya zaɓi mai rami, matsakaici, don kare iyalinsa.

Ranar tafiya jirgin na yamma ne. Bayan azahar Alhaji da Injiniya suka zo sallama, Alhaji zai kai su a motarsa. Akwatuna suna jere a bakin ƙofa, kowanne an liƙa masa takarda mai suna. Ni na rubuta na Mama da hannuna, da manyan baƙaƙe. Mama tana ɗaki tana sa mayafi. Baba yana ta kai da kawowa yana duba fasfo da tikitin da ya riga ya duba, ba ya yarda mu haɗa ido. A falo ana darasin ƙarshe. Alhaji yana so a maimaita masa sunan harsashin da zai nema in ya je gida, Kawu yana gaya masa cewa mai kare kansa dole ya fara tunanin wanda ke tsaye a bayan ɗan fashin, mace ko yaro, wanda bai ji ba bai gani ba. Ya faɗa da nutsuwa, har da ɗaga yatsa.

Makullin kwaɗon jan akwatin yana wurina, Mama ta ba ni in riƙe mata kada ya ɓace a hargitsin shiri. Na kwantar da akwatin a ƙasa. Ƙarar zif ɗin ta fi yadda na zata, duk suka waiwayo. Na tura hannu tsakanin atamfofi har na taɓo sanyin ƙarfe. Na zaro gwangwanin, na gyara zanen, na rufe akwatin, na mayar da kwaɗon na danna, na sa makullin a aljihu. Ina jin idanunsu a bayana. Kunnuwana sun yi zafi.

Na taka zuwa gabansa na durƙusa, kamar ranar da ya zo. Na miƙa masa da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya dubi gwangwanin, ya dubi Alhaji, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ko'ina ba.

"Yau kuma bebiya aike aka ba ta?"

Mama ta fito ta tsaya a ƙofar ɗaki, mayafin a hannunta. Baba ya daina juya fasfo. Ya zama dole ni in yi magana. Muryata ta fito ƙarama, amma falon ma ƙarami ne.

"Kawu, ga samfurinka na wurin harbi. Don Allah ka sa shi a jakarka ta hannu, mai sunanka."